Kunnuwan da Baba Ya Naɗa wa Auta

Duk wanda ya taɓa kai jita shagon Yaya Mai Naɗi ya san ba a zo mata da gaggawa. Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai walda da mai tsofaffin tayoyi, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, sai wani ɗaki a baya da labule ya raba su. Fankoki marasa fukafukai ne ke rataye a rufi, don har yau gyaran fanka ne ke ɗora tukunyar gidan. Amma abin da ke sa mutum ya tsallake unguwa biyar ya zo wurinta shi ne fikof, ɗan abin nan da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, shi ke jin motsin tsirkiya ya miƙa wa sifika. A shagon ba a ce masa fikof. Kunne ake cewa, tun zamanin da mahaifinta ke riƙe da wurin.

Kunne biyu take haɗa wa jita, kuma ba ta yarda a saye su ɗaiɗai kamar albasa. Ɗaya yana zama kusa da wuya, ɗaya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin jita. A wajen wuya tsirkiya tana lilo sosai, saboda haka kunnen wurin naɗi kaɗan yake so, in an cika masa sai murya ta yi kauri ta dagule. A wajen jaki kuwa da ƙyar take motsi, sai an ƙara wa nasa kunnen naɗi, in ba haka ba ka ji jita na kukan sauro. Gwanintar ita ce a daidaita su, yadda in mai kiɗa ya juya makunni daga wannan zuwa wancan babu wanda zai danne ɗan'uwansa. Shi ya sa take da doka biyu. Ba ta naɗi sai ta ga hannun mai jitar yana kaɗawa, ba ta kuma sallamar aiki sai an gwada shi wata jitar na yi masa rakiya, don a cewarta jita ita kaɗai a ɗaki ko ta banza ce daɗi gare ta.

Da baki ta fara sana'ar, tana 'yar shekara tara. Mahaifinta, Baba Mai Fanka, ya mayar da wani tsohon keken ɗinki injin naɗi. Yana taka feda, wayar na bi ta tsakanin yatsunsa biyu, ita kuma tana gefe tana ƙirga masa taku da ƙarfi, kowane taku zagaye goma. In ta ɓata ƙirga a warware a sake, babu faɗa, babu kuma sassauci. Tana sha biyar mahaifiyarsu ta rasu ta bar Auta yana rarrafe, sai ya zama da shi a goye take ƙirgar. Daga baya ta auri wani direban babbar mota, ta haifi uku, amma ba a taɓa buɗe shagon da safe ba ta nan ba. A hankali Baba ya sakar mata fedar, shi ya koma sai aikin da ya ga dama.

Auta a shagon ya tashi, amma bai taɓa zama minti goma gaban keken ba. Jitocin mutane yake ɗauka in an kawo gyara, ya koma lungu yana kaɗawa. A faɗi gaskiya, Allah ya ba shi yatsu. Kafin ya kai ashirin da bakwai yana da ƙungiyarsa, da mai ganga, da wani siririn mutum mai shiru-shiru da ake kira Dogo yana yi masa jitar rakiya. Sai dai da yatsun aka haɗa masa wani ciwo: ba ya iya jurewa ya ji wani ya fi shi ƙara, ko a kiɗa ko a hira.

Da wani gidan rediyo ya gayyace su kiɗa kai tsaye, Baba ya ce shi zai naɗa wa ɗansa kunnuwa da hannunsa. Mako uku ya yi a kai. Na wuya sau huɗu yana warware shi, na jaki sau biyu. Ya sa musu maganaɗisu masu ƙarfi da ya daɗe yana ɓoyo, ya tsoma su a narkakken kaki don kada waya ta motsa, ya ɗaura su, ya auna tsayinsu daga tsirkiya da guntun rula. Yaya ta sha cewa ba ta taɓa jin kunnuwa biyu da suka dace da juna kamar waɗannan ba, kuma ita ba mai yabon banza ba ce.

Ranar Asabar da hantsi Baba ya fitar da benci ƙofar shago, ya ɗora rediyo a kan kujera, ya kira mai walda da mai tayoyi da duk wanda ke wucewa. Waƙar farko ta tafi lafiya. A ta biyu, da Auta ya hau can saman wuyan jita, sai murya ta fara rawa, kowane sauti ya rabu biyu yana karkarwa kamar ba a ɗaure tsirkiya daidai ba. Ya tsaya, ya sake ɗaurewa, ya koma, abin na nan. Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce, yau kuma me ya sami jitar gwani?

“Ai ka san tsofaffi,” in ji Auta, duk gari na ji. “Tsohona ne ya naɗa mini kunnuwan nan, na karɓa don kada ransa ya ɓaci. Ido ya tafi, hannu na rawa. Gara ya tsaya kan fankarsa, ita ko ta karkace iska za ta bayar.”

Aka yi dariya a cikin rediyon. A kan benci babu wanda ya yi. Mai walda ya tuna yana da aiki, mai tayoyi ya shiga kallon ƙafarsa. Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon a hankali, ya ce wa maƙwabta, “Yaron ya yi gaskiya, ai ni ma na ji.” Ya shiga ciki ya rufe keken naɗi da tsohon zane, kuma tun daga ranar ƙafarsa ba ta sake hawa fedar ba.

Kwana biyu sai ga mai ganga da kunnuwan a ledar burodi, an datse wayoyinsu da almakashi. Auta ya sayi na kamfani, 'yan ƙasar waje. Yaya ta ɗora mitar gwajin waya a kan na Baba, ko zagaye ɗaya bai tsinke ba. Ta kai na wuyan bakin taga ta duba da kyau, sai ta ga kan maganaɗisunsa ya yi ƙyalli, alamar tsirkiya ta yi ta gogarsa. Kawunan sukurori biyun da ke ɗaga shi kuwa duk sun ciccije. Ta nemi Dogo ta tambaye shi. Dogo ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce shi bai gani ba a ranar, amma kowa a ƙungiya ya san halin. Da Auta ya ji jitar wani ta fi tasa fitowa, sai ya zaro abin yankan farce daga makullinsa, ya murɗa sukuru da bakinsa, ya ɗaga kunne kusa da tsirkiya don ya ƙara ƙara. Kunnen wuya mai ƙarfin maganaɗisu kuwa in ya matso da yawa, jan tsirkiyar yake ya hana ta lilo yadda ya kamata, shi ne muryar ke rawa.

Ta kai wa Baba maganar da zafinta. Ta ɗaura kunnuwan a jitar gwaji ta shago, suka yi daɗi. Ta ɗaga na wuyan a gabansa, rawar ta fito sak irin ta rediyo. Baba ya girgiza kai.

“Uwata,” haka yake kiranta, “kowane kunne kika ɗaga haka ai zai yi. Auta a shagon nan ya girma, ba zai yi wannan wautar ba. Kina sona ne, shi ya sa kike nemo mini uzuri. Hannuna ne ya yi wani abu da mita ba ta gani.”

Nan ta gane babu mita, babu shaida, babu rantsuwar da za ta cire wa tsohon nan wannan ƙaya. Sai dai Auta, da hannunsa ko da bakinsa, a inda Baba zai ji. Ta naɗe kunnuwan a tsumma ta sa a gwangwanin madara, ta ci alwashin sai ta ga ranar. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Auta bai daina zuwa gida ba. Yakan zo bayan wata biyu ko uku da 'yar tsarabarsa, ya durƙusa ya gaishe da Baba, Baba ya yi ta washe baki yana sa masa albarka. Zuwan farko ma Baba ne ya ba shi haƙuri, wai ya kunyata shi a gaban jama'a. Yaya tana bayan labule tana ji, ta cije leɓe har ya fashe. Ita ta goye wannan yaro, ita ta wanke masa kashi, amma daga ranar in ya ce “Yaya, ina kwana,” abin da yake samu shi ne “lafiya,” ita ma ba a kalle shi ba.

Wata macen, da zagi za ta huce, ko ta je ta tara masa jama'a. Yaya da keken naɗi ta yi nata faɗan, kuma shekara tara ta yi tana yi. Duk waƙar da Auta ya fitar sai ta saurare ta sau goma, ba don daɗi ba. Inda muryar jitarsa ta gaza take nema. Ta lura na kamfanin nan da ya saya na jakinsa tsini gare shi, yana soke kunne, na wuyan kuma ya cika duhu. To, duk mai jitar da ta san suna takara da Auta, in ya shigo shagonta ya shigo gidan biki. Sai ta ajiye fankokin mutane, ta zauna ta naɗa masa abin da Auta ba shi da shi, na jaki mai kauri da zaƙi, na wuya mai haske. Da Dogo ya gaji da tsawa ya bar ƙungiyar ya kafa tasa, wata guda ta yi a kan nasa kunnuwan. Mijinta ya taɓa ce mata, wannan ƙiyayya taki ai ta fi soyayya wahala. Ta ce masa ya ci abincinsa.

Aikin ya ci. Mutane ba su san sunan abin da suke ji ba, sun dai san jitar Dogo tana shiga jiki, ta Auta kuma ta fara gundura. Masu gayyata suka ragu. Yaya ta ji daɗi, kuma ba ta ɓoye ba. Amma in ta ɗaga labule ta ga Baba zaune a kan tabarma, idon ya ƙara dushewa, hannuwan a ɓoye cikin riga kamar kayan sata, sai daɗin ya gudu. Sunan Auta ya faɗi, na Baba bai tashi ba, ga shi tsohon kullum ƙara tafiya yake.

Wata Alhamis sai ga mai ganga ya shigo da jita a jaka, yana ta murmushin rashin gaskiya. Wai ta wani abokinsa ce, gumi ya cinye kunnen wuyan, an sa masa wani na tsince, yanzu in an juya makunni ɗaya ihu ɗaya raɗa. Yaya ta zare jitar, ba ta ko dubi fentin ba, kan sukurori ta duba.

“Ka ce wa abokin naka yayarsa na gaishe shi,” ta ce. “Ya zo da ƙafarsa ranar Talata da safe. Ka bar jitar.”

Ranar Litinin ta sauko da gwangwanin madara. Ta sauya wa kunnuwan Baba marufi, ta sa musu sababbi baƙaƙe, ta jona musu wayoyin da aka datse, ta ɗaura su a jitar Auta, ta liƙe da dalma. Ta danne tsirkiya a matakin ƙarshe na wuya, ta auna tsayi da guntun rular nan, daidai gejin Baba, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ba ta son ko a zuciyarta a ce ta yi maguɗi. Sannan ta aika wa Dogo ya zo gwaji da jitarsa, ta ce masa abu ɗaya take so, ya buɗe amfilifayarsa, wato na'urar ƙara sauti, fiye da yadda ya saba.

Auta ya zo da safe, ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Ya leƙa bayan labule ya gaishe da Baba, ya dawo ya tsaya yana sosa ƙeya. Da ya ga Dogo zaune kan bokiti sai fuskarsa ta canza, amma ya san dokar shagon, ya haɗiye.

“Yaya, na ɗauka sai kin ga hannuna kafin ki naɗa.”

“Hannun da na sani tun yana tsotsar yatsa? Zauna ka kaɗa.”

Ya zauna. Ya fara da na jaki, ya juya zuwa na wuya, ya dawo, ya haɗa su biyu. Ya cire tabarau. Mai walda ya kashe injinsa ya matso bakin ƙofa. Jitar tana magana kamar mutum, ƙasa da kauri, sama da haske, babu inda ɗaya ya taka ɗaya. Auta ya yi kusan minti biyar bai ɗago ba, da ya ɗago idonsa ya yi ja.

“Yaya, wallahi ban taɓa riƙe irin wannan ba. Kin wuce kowa.”

Ta so ta ce masa na Baba ne, ta danne. “Ba a gama ba,” ta ce. “Dogo, bi shi.”

Dogo ya shigo da rakiya, a buɗe kamar yadda aka ce masa. Yaya ta juya baya ta ɗauki wata fanka tana kwance ta, amma idonta na kan gilashin tagar, inda take hango ƙanenta. Ya ƙara ƙarfin kaɗawa. Ya murɗa maɓallin ƙara na jitar har ƙarshe. Ya harari Dogo, Dogo na kallon rufi. Yaya na cewa a ranta, yi mana, ɗan gidan nan, yi halinka. Sai ta ji ƙarar makullai. Ko kallon jitar bai yi ba, hannun ne kawai ya tafi da kansa, ya zaro abin yankan farce, ya murɗa sukurun sama zagaye biyu, na ƙasa zagaye biyu, ya ɗaga kunnen wuya. Na kamfanin da ya saba da su suna ɗaukar haka. Na Baba ba sa ɗauka.

Ya hau saman wuya, muryar ta rabu biyu ta fara karkarwa. Ita ce, ba wata ba, wadda aka ji a kan benci shekara tara da suka wuce.

Yaya ta ajiye fankar, ta juyo da jawabinta da ta daɗe tana tanadi. Ba ta samu ta faɗa ba. Kafin ta buɗe baki Auta ya yi tsaki, ya sake kai abin yankan farcen, ya mayar da sukurorin ƙasa, biyu da biyu, cikin ƙiftawar ido. Ya kaɗa, murya ta koma garau. Ya yi haka ne kamar mai korar ƙuda, bai ma san ya yi wani abu ba.

Labule ya motsa. Baba ya fito yana lalube bango, Dogo ya tashi zai kama shi, ya ture hannunsa. Ya zo har gaban Auta, ya shafa jitar, ya sa yatsa a ƙarƙashin tsirkiya.

“Uwata, waɗannan nawa ne.”

“Naka ne, Baba. Marufi kawai na sauya.”

Auta ya dubi jitar, ya dubi yayarsa.

“Na ji ciwon ya zo,” in ji Baba, a hankali. “Na kuma ji ya tafi. Wa ya sauke kunnen?”

Mai walda, da bai iya riƙe baki ba, ya ce, “Shi ya ɗaga, shi ya sauke, Baba.”

“To. Ɗagawar na gane, kuskure ne, kowa na yi. Saukewar nake tambaya. Wanda bai san ciwo ba ba ya kai hannu kan magani haka da sauri. Auta, tun yaushe ka sani?”

Wannan tambayar ko Yaya ba ta zo da ita ba. Ita duk shekarun nan ta ɗauka jahilci ne da girman kai, so take ta nuna masa wautarsa a gaban Baba. Ta tsaya da sukundireba a hannu tana kallon bakin ƙanenta.

“Baba, ai abin ya wuce…”

“Tun yaushe?”

“Bayan… bayan kamar shekara. Na kamfanin ma sun taɓa yi mini, da na ɗaga su sosai. Wani mai haɗa sauti ya nuna mini.” Muryarsa ta yi ƙasa. “Na so in faɗa maka. Kullum in na zo sai in ga ka riga ka haƙura, sai in ce tayar da maganar zai fi ciwo.”

“Shekara takwas,” Yaya ta ce cikin fushi. “Shekara takwas kana zuwa kana durƙusawa, yana sa maka albarka, yana ba ka haƙuri, kai kuma kana karɓa! Ka ci amanar tsohon nan a rediyo sau ɗaya, ka zo gida ka ci ta sau hamsin. Allah ya isa goyon da na yi maka.”

Baba ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya fito da hannuwan biyu daga cikin riga, ya riƙe su a gabansa kamar yana ganinsu. Suna karkarwa sosai.

“A lokacin ba sa rawa,” ya ce. “Yanzu ne suke yi.”

Yaya ta san mahaifinta. Ta san yanzu zai ce ya wuce, Allah ya shirya, ɗauki jitarka, don kai na naɗa su. Har ta fara tara sabon haushin da za ta ji in ya faɗi haka. Sai ta ji ya ce, “Uwata, sa ƙarfen liƙi a wuta. Cire mini kayana.”

“Baba, don Allah,” in ji Auta, ya zame daga kujera ya durƙusa. “Ina da ɗaukar waƙa jibi. Zan koma rediyon, wallahi zan faɗa da bakina, kowa ya ji.”

Baba bai juya wajensa ba. “Cire,” ya ce.

Ta cire. Ba ta datse da almakashi ba, ta narkar da dalmar ɗaya bayan ɗaya, ta kwance sukurori huɗu, ta zaro na wuya, ta zaro na jaki, hannunta ko gezau. Kuma kada a yi mata ƙarya, ta ji daɗi. Daɗin da ta yi shekara tara tana jira ne, ya zo cif yadda ta zata, har wani sanyi ta ji yana sauka a ƙirjinta. Ta sa kunnuwan a tafin Baba, ta miƙa wa Auta jitarsa da ramuka biyu a ciki, wayoyi na leƙowa.

Dogo ya riga ya naɗe kayansa ya sulale. Mai walda ya koma ya ta da injinsa. Auta ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi ya sa jitar a jaka, zip ɗin ya ƙi rufuwa, ya bar shi haka. A bakin ƙofa ya juyo.

“Baba, na tafi.”

Baba ya riga ya juya yana lalube hanyar labule. Bai amsa ba, shi da ko ɗan maƙwabta ya yi masa sallama sai ya bi shi da addu'a har ya ɓace.

Yaya ta share teburin, ta gama fankar da ta kwance, ta sallami mai ita. Wajen azahar ta haɗa shayi ta ɗaga labule. Baba na zaune a bakin katifa, kunnuwan biyu a cinyarsa, yana shafa su da babban yatsa. Ta durƙusa kusa da shi.

“Ka ji dai da kunnenka, Baba. Aikinka ba shi da aibi. Bai taɓa yi ba.”

“Na ji,” ya ce. “Kin yi gaskiya tun farko, Uwata. Allah ya yi miki albarka.” Sannan ya ce, ba da faɗa ba, “Amma da kin bar ni da laifina, da har yanzu ina da ɗa.”

Ta ajiye kofin kusa da ƙafarsa, ta kama hannunsa ta nuna masa inda yake don kada ya zubar, ta koma shago.